Tukunyar Ƙarshe ta Sabitra

Dilliram Timsina ya ba saba'in baya bai taɓa sa giya a bakinsa ba. Ba wani abin yabo ba ne. Bahun ne, jinsin masu jagorancin addu'a, haka ya buɗe ido ya tarar da iyayensa: zaren tsarki rataye a kafaɗa, ba a shan abin da ya tsima, ba a cin shinkafar da wanda ba jinsinsu ba ya dafa. Mu Limbu na saman tsaunin nan kuwa, da giyar tamba muke karɓar jariri, da ita muke raka gawa. Mun daɗe muna zaman lafiya da su, suna raina mu a ɓoye, muna yi musu dariya a fili.

'Ya ɗaya ya haifa, Sabitra. Uwarta ta rasu tun yarinyar ba ta kai ta ɗaga tukunya ita kaɗai ba, amma ita ta riƙe masa murhu har ta girma. Girkinta ba laifi, sai dai gishiri ba ya taɓa ji. Kullum in ya kai lomar farko sai ya ɗaga kai ya ce, "Sabitra, gishiri." Ita kuma daga bakin murhu, ko juyowa ba ta yi, sai ta ce, "Ga shi nan kusa da hannunka, Baba." Haka suka yi shekara da shekaru, ba wanda ya gaji.

Sai ta tafi karatu garin Fidim ta haɗu da Purna Lingden, ɗan garinmu, ta ce shi take so. Dilliram bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa ma da abin ya zo da sauƙi. Ranar da labarin auren ya iso shi, kansa ya aske, ya sa fararen kaya, ya yi mata zaman makoki cikakke kamar ta mutu. Sau ɗaya ta je gida bayan nan, da bikin Dasain. Ta tarar ba ya nan, ta shiga kicin ɗin da ta tashi a cikinsa ta dafa masa shinkafa da miyar wake. Da ya dawo ya ga farantin, ya zauna a gabansa ya naɗe hannu a ƙirji. Bai ture ba, bai ci ba. Tana tsaye tana kallo har tururi ya daina tashi, shinkafar ta sandare. Ita da kanta ta ɗauka ta zubar a bayan gida, ta saɓa jakarta ta kama hanya.

A ransa yana cewa wata rana zai sauko. Irin mutanen nan ne da suke ganin lokaci ma sai ya jira su gama fushi.

Da ƙarshen damina zazzaɓi ya kama Sabitra, ƙasa kuma ta zaftare ta toshe hanyar mota. Kafin samari su sauko da ita a kafaɗa zuwa asibiti rai ya yi halinsa. A wayar maƙwabci aka gaya wa Dilliram. Sai da aka gama zaman makoki, baƙi suka watse, sannan ya ɗaure guzurin busasshiyar shinkafarsa a ƙyalle, ya ɗauki butarsa ta tagulla, ya hau motar jif har inda hanya ta ƙare, ya ƙarasa da ƙafa.

Da hantsi ya iso. A tsakar gida ya tarar da wata tsohuwa mai zoben zinariya a hanci tana baza tamba a tabarma. Sancamaya ke nan, uwar Purna, wadda duk garin nan ba mai iyawa da bakinta. Kallo ɗaya ta yi wa zaren da ya leƙo ta wuyan rigarsa da butar da ke hannunsa, ta gane shi.

"Samdi, sai yau?" in ji ta. Sunan da iyayen miji da na mata suke kiran juna ke nan, kuma tunda aka yi auren ba wanda ya taɓa kiransa da shi. "Sannu da hanya. Ka ga garin namu ba nisa, ko? Mu ma da mun ɗauka wata ƙasar ce."

Ya ce, "Na zo in ga inda aka sa ta."

Purna ne ya raka shi. Doguwar tafiya ce, Purna na gaba, ya rame har wandonsa yana neman zamewa. A gefen gonar masara suka tsaya gaban tarin duwatsu. Mu binnewa muke yi, su ƙonawa suke yi, don haka Dilliram ya tsaya bai san me ake yi a gaban kabari ba. Mutumin da ya yi wa rabin garinsu addu'ar mamaci ya laluba ƙirjinsa bai samu ko baiti ɗaya ba. Duk addu'ar da ta dace da 'yarsa ya riga ya ƙarar da ita tun tana da rai. Ya so ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa.

Da suka dawo Sancamaya ta shimfiɗa masa tabarma a baranda. Ya zauna a gefe-gefenta, ya ajiye buta da guzuri kusa da gwiwarsa.

"Ba zan ce in dafa maka abinci ba," in ji ta. "Shinkafata tana da daraja a wajena."

Ya haɗiye wannan. Can ya ce, a hankali, "Ba ta bar komai ba? Wani abu nata da zan gani."

"Kayan jikinta sun bi ta. Sauran mun raba wa 'yan uwa, haka muke yi. Haihuwa kuwa ka sani ba su samu ba. Ko ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, tana juya tabar ganye a yatsunta. Sannan ta waiwaya wajen ɗanta, wanda ya jingina da ginshiƙi yana kallon kwari.

"Purna, ɗauko tukunyar nan."

"Wace tukunya?"

"Kar ka maida ni yarinya. Wadda ka ɓoye a bayan buhun masara."

Purna ya miƙe tsaye sosai. "Inna, ba zai sha ba. Kin san ba zai sha ba."

Dilliram ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sancamaya ta ce, "Giya ce, Samdi, kar ka zaro mini ido. Kafin ta kwanta ta dafa tamba saboda bikin girbi. Ita ta wanke, ita ta dafa, ita ta baza ta sha iska, ta murza garin tsimi da hannunta ta cakuɗa. Manyan tukwanen, 'yan makoki sun shanye su. Saura 'yar ƙarama da ta zuba ragowar a ciki ta liƙe bakin da kanta. Cikin tongba ɗaya ce, mazubin shan nan namu, ba ƙari. Duk duniyar nan ba sauran wani abin da hannun 'yarka ya dafa sai ita."

"Shi ya sa na ce a bar ta," in ji Purna. Bai ɗaga murya ba. "In an zuba ruwan zafi an gama, ba a mayarwa. Zai naɗe hannu ya zauna har ta huce, mu kwashe mu ba aladu. Ya taɓa yi. Ni na tare ta a tasha ranar, ni na san yadda ta dawo."

"To ka bar ta har yaushe? Har ta yi tsami ta zama ba ta kowa ba?"

Dilliram ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya so ya tashi ya kama hanyarsa da mutuncinsa, ya ce ai ya ga kabari, abin da ya kawo shi ke nan. Amma in ya sauka tsaunin nan haka, abin ƙarshe da ya shiga tsakaninsa da hannun 'yarsa shi ne farantin nan da ya sandare. Ya ji bakinsa ya ce, "A kawo."

Purna ya dube shi kallon da ba a yi wa suruki. Ya shiga ciki, ya daɗe, sannan ya fito rungume da 'yar tukunya a ƙirji. A jikin yumɓun da aka liƙe bakinta da shi akwai shatin yatsu, ƙanana, a jere. Dilliram ya gan su kafin Sancamaya ta fasa da gindin wuƙa.

Wari ya bugo shi, mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi, warin da duk rayuwarsa yake toshe hanci in ya wuce shi a kasuwa. Tsohuwar ta juye jiƙaƙƙiyar tambar a cikin tongba, dogon gwangwanin katako mai ɗamarar tagulla, ta kwarara tafasasshen ruwa har baki, ta rufe, ta soka siririn bututun gora ta ramin murfin. Ta ajiye a gabansa ta koma ta zauna.

Ya kai hannu biyu zai ɗaga zuwa baki.

"Ajiye," in ji tsohuwar. "Ba shayi ba ne. A ƙasa take zama, kai ne za ka sunkuya mata."

Ya ajiye. Ya kama bututun ya fara juyawa kamar mai dama nono. Sai ji ya yi an ɗalle masa bayan hannu.

"Ba a juyawa, za ka dagula ta. Wai kai da karatunka duka ba a koya maka komai ba? Jira ta jiƙa."

Rabon da wani ya taɓa jikinsa haka har ya manta. Ya janye hannun ya zauna kamar ɗan makaranta. Tururi yana fita ta gefen murfin, shi kuma yana kallonsa. Purna ma shi yake kallo, ya dafe ginshiƙi, yana jiran ganin lokacin da zai daina tashi.

"Yanzu," in ji Sancamaya. "Ɗiga kaɗan a ƙasa tukuna, na waɗanda suka riga mu."

Wannan kam ya iya. Ya toshe bakin bututun da yatsa ya zaro, ya saki ɗigo a ƙasa. Ya mayar. Hannunsa na hagu ya je ya dafe zaren da ke ƙirjinsa ba tare da ya aike shi ba. Ya sunkuya, tsoho mai furfura, ya kama gora da leɓe, ya zuƙa da ƙarfinsa duka.

Sai ga shi yana tari, ruwa yana fita ta hanci, idanu sun kawo ƙwalla. Sancamaya ta kwashe da dariya har zoben hancinta yana rawa.

"A hankali, Samdi, ba mai ƙwace maka. Jarirai ma sun fi ka iyawa."

Ya goge baki. Ya sake sunkuyawa, ya ja kaɗan, ya riƙe a baki. Da ɗumi. Akwai tsami irin na tsala, akwai zaƙi a can ƙasa, da ɗan ƙamshin hayaƙin murhu. Ya yi zaton zai ji ƙazanta. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne da daɗi. Ya haɗiye, ya ji ta sauka har ciki tana buɗe hanya.

"Hannunta zaƙi gare shi," in ji tsohuwar. "Kowace mace da ɗanɗanon hannunta, ko a duhu aka ba ni na san ta wacece. Amma fa da farko an sha wahala. Tukunyarta ta farko, akuya ta sansana ta yi atishawa ta gudu. Na ce 'yar Bahun, bar mana aikinmu, je ki karanta littafi. Ta yi kuka ta sake. Ta sake. Kafin a jima mata suna zuwa tambayarta. Ita kuwa ɗan taɓawa kawai take yi a harshe, ba ta taɓa sha ta ƙoshi ba."

Dilliram yana ji yana sha. Da bututun ya fara ƙara, alamar ruwa ya ƙare, sai ya ɗago a firgice, yana zaton shi ke nan.

"Kwantar da hankalinka, ana ƙara ruwa," in ji ta, ta ɗauko buta. "Na biyu ya fi na farko ma. Daga nan ne take fara raguwa."

A cikin na biyun ne abin ya iso shi. Kunnuwansa suka fara ɗumi, sannan fuska. Gwiwoyin da suka sha hawan dutse suka daina ciwo. Ya ga tsaunin da ke ƙetare ya matso kusa, ya ga tafin hannunsa kamar na wani. Ya nemi ya gyara zama da mutunci sai ya ga ya miƙe ƙafafu a tsakiyar tabarma. Sai magana ta ɓalle masa, shi da ake roƙo kafin ya ce kalma biyu.

Ya ba su labarin yadda take hawa kan turmi don ta kai bakin tukunya. Yadda ta taɓa ƙona gashin gabanta a murhu ta ce wai iska ce ta yanke shi. Ya yi dariya, dariyar ta yi tsawo har shi kansa ta ba shi tsoro.

"Amma gishiri," ya ce, yana kaɗa yatsa, harshen ya ɗan yi nauyi. "Yarinyar nan har ta bar gidana ba ta iya sa gishiri ba."

"Ta iya mana," in ji Purna. Karo na farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye. "A nan gidan daidai take sawa. Ta ce likita ne ya ja ta gefe tun tana ƙarama, ya ce jininka yana hawa, a rage maka. Ta san in ta faɗa maka ba za ka yarda ba. Sai take ragewa, ta ajiye ɗan kaɗan a gefe, ta bar ka ka yi mitarka."

Dilliram ya juya ga tsohuwar.

"Ta bar mini saƙo? Da za ta tafi, ta ambace ni?"

Da wata ce, da ta yi masa ƙarya don ya samu abin riƙewa. Sancamaya ba ta cikin irinsu.

"A'a. Zazzaɓin ya yi zafi, ba ta san inda kanta yake ba. Kuma kar ka je kana cewa don kai ta yi giyar nan. Don biki ta yi, tana sa ran ita za ta zuba wa baƙi."

Sai kukan ya zo. Ba irin na manya ba, mai ɗan share ido da gefen mayafi. Baki buɗe, majina da hawaye, kafaɗu suna girgiza, zaren tsarkin ya zamo har gwiwar hannu bai ko lura ba. Yana son 'yarsa, tun ranar da aka haife ta bai taɓa dainawa ba, kuma yau da ya yarda ya faɗa ba wanda zai faɗa wa sai mutanen da ya ƙi gaisarwa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Sancamaya ta ƙara ruwa na uku ta rufe.

Da ya lafa ya kai baki zai sha, sai idonsa ya faɗa kan Purna. Surukin ba shi yake kallo ba, tongbar yake kallo, yana haɗiyar yawu. Sai a lokacin Dilliram ya gane abin wa yake shanyewa. Ya tura ta a kan tabarma har gaban ginshiƙi.

"Zo ka sha."

Purna ya durƙusa, ya rufe ido ya ja sau biyu, ya daɗe bai haɗiye ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna, kawo wa Baba wani bututun, na sa baki a wannan."

Kowa ya san Bahun ba ya taɓa abin da bakin wani ya taɓa, ko na ɗan uwansa ne. Kafin tsohuwar ta yunƙura Dilliram ya jawo tongbar ya kama goran da leɓensa. Haka suka yi ta turawa tsakaninsu, rana tana sauka ta bayan gonar masara.

Aka ƙara ruwa, aka sake ƙarawa. Zaƙin ya fara tafiya, sannan tsamin, sannan ƙamshin hayaƙin. Dilliram yana riƙe kowace kurɓa a baki yana laluben abin da ya rage da harshe. Purna ya daina karɓa.

"Ƙara," in ji Dilliram.

"Samdi, ta ƙare. Ruwan zafi kake sha."

"Ƙara dai."

Ta ƙara. Ya zuƙe. Ba komai a ciki, shi ma ya sani.

Sancamaya ta miƙa hannu za ta ɗauke, ya riƙe gam. "Ina za ki kai?"

"Dusar ce ta rage. Aladu ake ba."

Ya girgiza kai. Ya laluba butarsa ta tagulla, ya wanke hannun dama da kyau. Ya zare bututun ya ajiye, ya buɗe murfin. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya yayyafa kewaye da tongbar, yadda yake yi wa farantinsa kafin kowane cin abinci tun yana yaro. Rabin ruwan a cinyarsa ya zube. Sannan ya tsoma yatsu ya ɗebo tambar, ta kumbura ta yi fari-fari, ya dunƙula loma ya kai baki.

Ba ta da ɗanɗanon komai. Ya tauna a hankali, idanunsa a lumshe, kansa yana ɗan lilo. Ta bayansa ƙofar kicin a buɗe take, itace yana ƙara a murhu, hayaƙi yana fitowa. Ya ɗaga kai ya ɗan karkata wajen ƙofar.

"Sabitra," ya ce, "gishiri."

Ya tsaya da hannu a buɗe yana jira. Purna ya kifa fuskarsa a gwiwa. Sancamaya, da ba a taɓa ganin ta rasa amsa ba, ta zauna da buta a hannu tana kallon ƙofar ita ma, har sai da ruwan ya huce.